Maƙerin Bakin Daji a Amurka: Ƙarfe Kaɗan, Bashi da Yawa, Iyali a Bakin Wuta

A watan Nuwamba na 1836 wani maƙeri mai shekara 32 ya tashi daga jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka, ya nufi yamma. Abin da ya riƙe bai wuce 'yan kayan aikinsa da dala 73 ba. A gida ya bar matarsa da ciki, da 'ya'ya huɗu, da sammacin kotu a kan bashin da bai kai dala 80 ba. Sunansa John Deere, sunan da yau ake gani a jikin koren tarakta har a gonakinmu. Arzikin da ya zo daga baya ya sa ana mantawa cewa shekarunsa na farko irin na kowane maƙerin bakin daji ne a wancan zamani. Da yake an adana labarinsa fiye da na sauran, ta kansa ake iya leƙa rayuwar dubban maƙeran da sunayensu suka ɓace: yadda suke kafa maƙera inda babu kasuwa, yadda suke tattalin ƙarfe, da yadda mata da yara ke ɗauke da rabin nauyin sana'ar.

Bakin daji a nan shi ne iyakar da Turawa masu kafa tungaye suka kai a tafiyarsu ta yamma. A shekarun 1830 iyakar tana wajen Illinois da Wisconsin da Iowa. Dajin kuwa yana da masu shi. Kwarin kogin Rock, inda Deere ya sauka, ƙasar ƙabilun Sauk da Meskwaki da Ho-Chunk ce, kuma sai bayan yaƙin Black Hawk na 1832, wanda aka karkashe mutanen Sauk a cikinsa aka kora saura ƙetaren kogin Misisipi, sannan baƙi suka kwararo. Gwamnati tana sayar musu da eka ɗaya a kan dala 1 da santi 25. Wanda zai ba da labarin waɗannan maƙera tsakani da Allah sai ya faɗi wannan, domin garmar da suke ƙerawa ƙasar wasu take huɗawa.

Tungar da Deere ya nufa, Grand Detour a jihar Illinois, tana wajen kilomita 160 yamma da Chicago, kuma shekara biyu kacal ke nan da wani mutumin Vermont, Leonard Andrus, ya kafa ta ya girka injin yankan katako a bakin kogi. Irin wannan wuri ba ya tsayuwa sai da maƙeri. Idan sarƙar shanu ta tsinke ana cikin huɗa, ko ƙarfen inji ya karye, ko bakin gatari ya ɓalle, babu shagon da za a je a sayo sabo. Ko dai a yi tafiyar kwanaki a kan hanya mai taɓo, ko aiki ya tsaya. Aikin farko da Deere ya samu da isarsa shi ne gyaran wani sandan ƙarfe da ya karye a injin Andrus, kuma daga nan manoma suka san maƙeri ya zo gari.

A ƙasar Hausa ƙira gado ce, yaro yana buɗe ido ya ga zugazugi a zauren gidansu. A Amurka ta wancan zamani yarjejeniya ake yi. Uban Deere tela ne, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila a 1808 ba a sake jin ɗuriyarsa ba, uwar ta ci gaba da ɗinki ta riƙe yara. A 1821, yana da shekara 17, aka ba da shi koyo na shekara huɗu wurin Kyaftin Benjamin Lawrence a garin Middlebury. Ci da makwanci da sutura suna kan ubangida, sannan dala 30 a shekarar farko, ana ƙara dala 5 kowace shekara. Ɗan koyo yana farawa da zuga da shara da ɗebo ruwa da fasa gawayi. Daga nan a sake masa ƙusa da ƙugiya da zoben sarƙa, sai riƙon masaba a gaban ubangida. Walda da aikin sitil, wato ƙarfen da ke riƙe kaifi, su ne ƙarshe, saboda a nan ne kuskure ke cin dukiya. Deere ya gama a 1825, ya auri Demarius Lamb a 1827, ya ci bashi ya buɗe maƙerarsa a garin Leicester na Vermont. Sau biyu gobara tana cinye ta. Wannan ba baƙon abu ba ne a rumfar katako mai tulin gawayi da tartsatsi yini guda, kuma asalin bashin da ya kore shi daga gida ke nan.

Kayan da ake kafa maƙera da su

Abin da ya fi wahalar kaiwa bakin daji shi ne uwar maƙera. Nauyinta yakan kama daga kilo 45 zuwa 70, yawanci ƙirar Ingila ce, jikinta ƙarfe mai laushi, fuskarta kuma an lulluɓe ta da sitil. Ana dasa ta a kan kututturen itace da aka binne gindinsa cikin ƙasa, tsayinta daidai gaɓoɓin yatsun maƙeri idan ya miƙe tsaye ya saki hannu, domin a tsaye suke ƙira. Idan ta yi ƙasa, baya ne zai biya. Idan ta yi sama, guduma za ta riƙa sauka a karkace tana barin tabo a jikin aiki.

Murhun ginin dutse ne ko bulo, tsayinsa wajen ƙugu. Inda babu dutse sai a haɗa akwatin katako a cika shi da yumɓu. Zugazugin guda ɗaya ne babba, na katako da fata, tsawonsa ya wuce mita, mai ɗaki biyu: na ƙasa yana tura iska cikin na sama, na sama kuma yana sakinta a hankali ta bututu, saboda haka iska ba ta yankewa tsakanin ja da ja. Fatar tana son mai a kai a kai, in ba haka ba ta tsattsage ko ɓeraye su huda ta. Sauran kaya, wato guduma mai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, masaba mai kilo 4 zuwa 6, awartaki iri-iri, kurfi da abin huda, maƙeri ne ke ƙera yawancinsu da hannunsa bayan ya sauka. Magagari ne sai an saya, kuma idan ya cinye ba a yar da shi, sitil ne mai kyau da za a mayar wuƙa ko kurfi. Ƙasan rumfar turɓaya ake bari saboda wuta, kuma da gangan ake barin wajen murhu da duhu, domin da launi ake gane zafin ƙarfe, hasken rana kuwa yana ɓatar da launin.

Gawayi shi ma aiki ne mai zaman kansa. Ana jera itacen da ya bushe a tsaye, a yi tudu, a rufe da ganye da ƙasa, a kunna ta tsakiya, a bar 'yan ƙofofin iska. Ƙaramin tudu yana cin kwanaki, babba har mako biyu, kuma dole a yi gadinsa dare da rana. Rufin ya tsage ba a toshe ba, iska ta shiga, da safe toka za a tarar. Kilo 100 na busasshen itace ba ya ba da fiye da kilo 20 zuwa 25 na gawayi. Inda ake samun kwal kusa, kamar wasu sassan Illinois, ana amfani da shi, amma kwal mai farar wuta yana ɓata ƙarfe, ya sa ya riƙa tsagewa idan ana dukansa da zafi.

Ƙarfe iri uku, da dalilin tsadar ɗaya

Duk fahimtar sana'ar tana nan. Akwai ƙarfen zubi, mai sinadarin kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, wanda ake narkawa a zuba a mazubi a yi tukwane da murhu. Yana da tauri amma fashewa yake yi, ba ya ƙeruwa. Akwai ƙarfen ƙira mai laushi, wanda kusan babu kabon a cikinsa, yana da zare-zare a jiki kamar itace. Yana lanƙwasuwa, yana karɓar walda da kyau, amma ba ya riƙe kaifi. Sai sitil, mai kabon tsakanin rabin kashi ɗaya da kashi ɗaya da 'yan kai, wanda shi kaɗai ke taurara idan aka tsoma shi cikin ruwa da zafi. Maƙerinmu na yau yana samun sitil a sifirin na tsohuwar mota. A 1836 babu wannan. Hanyar Bessemer, wato dabarar sarrafa sitil mai yawa a masana'anta, da ta karya farashinsa sai 1856 ta fito, kafin nan mai kyau daga Sheffield ta Ingila yake zuwa, ya ƙetare teku, ya bi kogi, ya hau keken shanu, kowane zango farashi na hawa.

Saboda haka ba a ƙera gatari da sitil zalla. Ana ɗaukar faffaɗan ƙarfe mai laushi a naɗe shi a jikin wani sandan ƙarfe don a fitar da ramin ƙota, a haɗe ɓangarorin biyu da walda, a bar baki a buɗe, a cusa tsinken sitil kamar faɗin yatsu biyu, a sake walda. Idan sitil ɗin ya cinye bayan shekaru, manomi ya dawo da gatarin a sa masa sabo. Haka ake yi wa bakin garma da gizago da fartanya.

Waldar wuta kuwa ita ce jarrabawar maƙeri. Ana ƙira ne tsakanin digiri 900 da 1,200, daga ja mai haske zuwa rawaya. Walda tana son fiye da haka: ƙarfe mai laushi sai ya yi fari, wajen digiri 1,300 zuwa 1,400, fuskarsa ta yi kamar tana gumi. Matsalar ita ce sitil yana ƙonewa kafin ya kai nan, yana fesa tartsatsi, kuma sitil da ya ƙone ya tashi daga aiki. Dole a jera su cikin wuta yadda ƙarfen zai fi sitil ɗin shan zafi. Kafin a haɗa, ana kumbura bakin kowanne a fiƙe shi a karkace, tsakiya ta ɗan yi tudu, domin idan aka buga, datti ya fita ta gefe. Ana barbaɗa tsabtataccen yashi, ko boraks idan da sitil, don ya narkar da ɓawon da wuta ke yi wa ƙarfe. Daga wuta zuwa uwar maƙera daƙiƙu kaɗan ne. Bugun farko a hankali, a tsakiya, sannan a ƙara ƙarfi. Wanda ya fara da ƙarfi zai ga guntayen sun zame. Wanda ya bar datti a ciki zai ga walda ta yi kyau a ido, sai ranar da shanu suka ja da ƙarfi ta buɗe.

Bayan ƙira sai taurarawa. A gasa bakin har ya yi ja, wajen digiri 780 zuwa 800, a tsoma cikin ruwa. A wannan hali ya yi tauri kamar gilashi, kuma kamar gilashi zai fashe. Sai a goge shi ya yi haske, a sake ɗumama shi a hankali ana kallon launin da ke gudu a jikinsa: ruwan kara wajen digiri 230, ruwan ƙasa, shunayya wajen 280, shuɗi wajen 300. Abin sassaƙa a tsaya a ruwan kara, gatari a kai shi shunayya, sifirin sai shuɗi. Sanyin Illinois yana ƙara wani sharri: gatarin da aka bari da tauri da yawa yana ɓallewa a itacen da ƙanƙara ta daskarar, haka ma ƙarfe mai sinadarin fosfaras, lafiya lau da zafi, amma a hunturu ya karye kamar rake.

Ayyukan da ke ciyar da gida

Yawancin aikin gyara ne. Ɗauki ƙafar keken shanu. Ta itace ce, abin da ke riƙe ta shi ne zoben ƙarfe da aka ɗaura mata a baki. Maƙeri yana auna zagayen ƙafar da wani ɗan faifan ƙarfe da ake mirginawa ana ƙirga juyinsa, ya yanke ƙarfe ya lanƙwasa ya yi walda, amma ya rage shi da kamar santimita ɗaya. Ƙafa mai tsayin santimita 120 zagayenta 377 ne. Idan aka kwantar da zoben a ƙasa aka haɗa masa wutar itace ta zagaye shi har ya fara ja, yana buɗewa da santimita biyu zuwa uku. Mutum biyu ko uku su ɗauko shi da awartaki, su ɗora, su buga ya zauna, nan take a kwarara ruwa kafin itacen ya kama wuta. Yana hucewa yana matse komai. An rage da yawa, ƙafar ta lotsa ko sandunanta su karye. An rage kaɗan, da rani itace ya bushe ya tsuke, zoben ya fita a hanya, sai an yanke an sake walda. Wannan aiki ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, kuma mai gudu da bokitin ruwa sau da yawa matar gida ce ko yara.

Sai takalmin dabbobi. Doki yana son sabon takalmi ko gyaran na da duk mako shida zuwa takwas, ƙusa shida zuwa takwas a kowanne, kuma dole ƙusar ta bi ta busasshen ɓangaren kofato ta fito waje a lanƙwashe ta. Ta kauce ta shiga nama, doki ya gurgunce, maƙeri ya rasa mai ciniki. Amma a bakin daji shanu sun fi dawaki aiki, su kuwa kofatonsu a rabe yake, saboda haka sa ɗaya takalmi takwas yake ci. Ga shi ba ya iya tsayuwa da ƙafa uku, sai an shigar da shi cikin wata rumfar gungume an ratsa masa faffaɗan ɗamara ta ciki an ɗaga shi. Tsakanin waɗannan akwai sarƙa, ƙugiyar rataye tukunya, ƙarfen ƙofa, lauje, gyaran kunamar bindiga. Guntun ƙarfe ba ya zuwa juji. Tsofaffin takalman doki ana tara su a haɗe da walda su koma sanda.

Littafin bashi

Ga inda rayuwar iyalin maƙeri ta ƙulle. Aiki ba ya yankewa, kuɗi ne babu. Manomi yana kawo garma lokacin huɗa, ba shi da abin biya sai bayan girbi, sai a rubuta a littafi. Da kaka zai biya da alkama ko masara ko naman alade ko itace ko gawayi ko tsohon ƙarfe ko kwanakin ƙwadago. Gidan maƙeri ba ya rasa abinci. Amma ɗan kasuwar da ke sayar masa da ƙarfe a Chicago ko St. Louis ba ya karɓar masara. Maƙeri yana sayen kaya da tsabar kuɗi, yana sayar da aikinsa bashi, kuma tsakanin nan biyu ne mutane da yawa suka nutse. A watan Mayu na 1837, wata shida da isar Deere, bankunan New York suka daina biyan zinariya da azurfa, tattalin arzikin Amurka ya durƙushe na shekaru, takardun kuɗin bankuna da yawa suka zama banza. Maƙerin da ya matsa wa masu bashi zai ɓata da maƙwabtan da ba shi da wasu masu ciniki sai su. Wanda ya yi kawaici kuma ƙarfensa zai ƙare.

Matar Deere ta haifi ɗansu Charles a Vermont a watan Maris na 1837, uban bai gan shi ba sai 1838, lokacin da ta biyo shi da yara biyar, tafiyar makonni cikin keken doki. Shekara fiye da ɗaya ita ke riƙe da gida a garin da ake bin mijinta bashi. Irin wannan rabuwa ita ce ƙa'ida: miji ya yi gaba ya kafa rumfa da ɗaki, iyali su biyo. Da ta iso aikinta bai ragu ba. Matar maƙeri ita ke da lambu da saniyar tatsa da kaji, ita ke yin sabulu da kyandir da ɗinkin sutura, ita ke sarrafa abin da masu bashi suka kawo, ta gishirta nama ta adana don hunturu. 'Yan koyo da ma'aikata a gidanta suke ci suke kwana, domin abinci da makwanci wani ɓangare ne na ladansu, wato tukunyarta tana biyan albashin maƙera. Manomin da ya zo daga nesa ya jira aikinsa, shi ma a nan zai ci. Yaro namiji yana kama igiyar zuga tun yana ƙarami, ya koma juya dutsen washi, ƙarfinsa na kawowa ya karɓi masaba. Maƙerin da ba shi da ɗa sai ya ɗauki haya, domin babban ƙarfe yana hucewa kafin guduma ɗaya ta gama da shi.

Lafiya kuma a bakin ƙaya take. Zazzaɓin cizon sauro, wanda muka sani sarai, ya addabi kwarurukan Illinois a wancan zamani, yana kwantar da gida guda a ƙarshen damina, ga kwalara da ta ratsa yankin a 1832 da 1849. Maƙeri yana da nasa na musamman: ɓawon ƙarfe mai zafi a ido, harbin doki, ƙuna duk da warkin fata, kurumta a hankali. Ranar da ya kwanta, wuta ta mutu, babu mai biyansa. Idan ya rasu yara ba su tasa ba, akan yi gwanjon uwar maƙera da zugazugi a biya masu binsa, a bar matar da littafin bashin da karɓarsa sai an sha wuya. Cikin 'ya'ya tara da Demarius ta haifa, huɗu ba su kai shekara ashirin ba, biyu daga ciki tun suna ƙanana.

Garmar da ba ta kama laka

Manoman da suka zo daga gabas sun taho da garmar ƙarfen zubi, wadda ke aiki lafiya a ƙasarsu mai yashi da tsakuwa. Ƙasar Illinois baƙa ce, mai danƙo, wadda saiwar ciyawa ta shekaru dubbai ta saƙe. Fasa ta karon farko sai wata ƙatuwar garma da shanu shida ko fiye. Matsalar tana fitowa a shekarun da ke biye: laka ta manne a allon da ke juya ƙasa, garma ta daina yanka ta koma turawa, shanu su gaji, manomi ya riƙa tsayawa duk 'yan taku yana kankarewa da ɗan katako. Dalilin shi ne fuskar ƙarfen zubi tana da kaushi da ƙananan ramuka, ba ta goguwa ta yi santsi.

A 1837 Deere ya ɗauko karyayyen zarto na sitil daga injin Andrus, ya sare haƙoran, ya yanke shi, ya lanƙwasa a kan gungumen da ya sassaƙa, ya goge shi ya yi sheƙi. Ba shi ya fara wannan tunani ba, wani maƙerin Illinois, John Lane, ya yi garma da zarto tun 1833. Kuma garmar Deere ta 1838 da ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian, da aka bincika ta, bakinta ne sitil, allon kuwa gogaggen ƙarfe mai laushi ne. Wannan ya dace da duk abin da aka sani na tsadar sitil. Sirrin yana cikin santsi da lanƙwasar allon, yadda ƙasa ke zamewa tana ƙara goge shi da kanta.

Inda ya bambanta da sauran maƙera shi ne ya daina jiran a kawo aiki. Ya riƙa ƙera garma ya tara, ya loda a amalanke ya bi gonaki yana tallarta. Ya yi 10 a 1839, ya kai 100 a 1842, ana sayar da ɗaya wajen dala 10, kuɗin eka takwas ke nan na ƙasar gwamnati. Karyayyen zarto ba ya isar wannan, sai ya haɗa jari da Andrus a 1843, a 1846 ya yi odar sitil daga Ingila. A 1848 ya kwashe iyali ya koma Moline a bakin Misisipi, inda akwai ƙarfin ruwa na juya inji, da kwal kusa, da jirgin ruwa mai kawo ƙarfe ya kwashi garma. A shekarar ne babban ɗansa, Francis Albert, ya rasu yana saurayi. Zuwa 1855 masana'antar tana sayar da garma fiye da 10,000 a shekara.

Duk da haka littafin bashi bai sake shi ba. Garma ma bashi ake ɗauka, kuma da tattalin arziki ya sake rushewa a 1857 manoma suka kasa biya, kamfanin ya kai bakin rami. Wanda ya fitar da shi Charles ne, jaririn nan da aka haifa bayan tafiyar uban. Shi ba a bakin wuta ya shiga sana'ar ba, makarantar kasuwanci aka tura shi, ya fara aiki a 1853 yana da shekara 16 a matsayin mai riƙe littafin kuɗi. A 1858, yana da shekara 21, uban ya miƙa masa ragamar harkar. A 1868 aka yi wa kamfanin rajista da sunan Deere & Company.

Sauran maƙeran bakin daji ba su bi wannan hanya ba, kuma nasarar irin su Deere ce ta rage musu aiki. Jirgin ƙasa ya iso Rock Island, maƙwabciyar Moline, a 1854. Duk inda dogo ya kai, gatarin masana'anta da ƙusa cikin ganga da sarƙa da garma suna isa da arahar da hannu ba zai iya ba. Maƙerin ƙauye ya koma mai sa wa doki takalmi da gyaran injinan da wasu suka ƙera, wani ya zama dillalin garma, wani ya ɗaure uwar maƙerarsa a amalanke ya ƙara yin yamma inda dogo bai kai ba tukuna. Grand Detour kanta dogo ya kauce mata, ta zauna ƙauye.

Demarius ta rasu a 1865. Deere ya koma Vermont ya auro 'yar'uwarta Lusena, ya yi magajin garin Moline na shekara biyu, ya rasu ranar 17 ga Mayu, 1886, yana da shekara 82. Gidan katakon da ya gina wa iyalinsa a Grand Detour yana nan tsaye. Maƙerar kuwa ta rushe har aka manta gurbinta, sai a 1962 masu haƙar tarihi daga Jami'ar Illinois suka tono wurin suka gano inda take.